Yadda ɗan wasa zai ɗauki muryar mutum na gaskiya daga hira ya hau dandamali da ita

Akwai nau'in wasan kwaikwayo wanda marubuci ba ya ƙago ko kalma ɗaya a cikinsa. Wurin mutanen da abu ya faru a kan idonsu ake zuwa, a zanta da su, a naɗi muryarsu, sannan ɗan wasa ya hau dandamali ya maimaita abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, har da tarinsu da in'inarsu da jimlar da suka ɗauko suka kasa direwa. A Ingila, daraktan wasan kwaikwayo Peter Cheeseman ya yi irin wannan aiki a garin Stoke-on-Trent tun shekarun 1960. A Amurka kuwa Anna Deavere Smith ce ta fi shahara da shi. Bayan rikicin da ya ɓarke tsakanin baƙar fata da Yahudawa a unguwar Crown Heights ta birnin Niyok a watan Agustan 1991, ta bi mutanen ɓangarorin biyu da rikoda, a 1992 ta hau dandamali ita kaɗai ta fito a matsayin mutum 26, maza da mata, a wasan Fires in the Mirror.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka baiwar kwaikwayon murya ce, irin ta mai barkwanci da ke kwaikwayon shugabanni. Mai barkwanci ɗabi'a ɗaya yake kamawa ya hura ta har ta rufe mutumin. Abin da ake nema a wurinka daban ne: ka numfasa inda mutumin ya numfasa, ka tsaya inda ya tsaya, domin a waɗannan gurabe tunaninsa yake bayyana. Duk matakan da ke tafe hanyar isa ga wannan numfashi ne.

Mataki na farko: san taka muryar

Naɗi kanka na minti 3 kana ba da labarin abin da ya faru da kai jiya. Saurara sau biyu, ka rubuta abin da ka ji. Kana haɗiye ƙarshen jimla? Kana gudu idan ka zo wurin da ya taɓa ka? Sautin yana bi ta hanci? Wace kalma kake cike gurbi da ita? Waɗannan ɗabi'u su ne za su riƙa yoyo cikin kowane mutum da ka ɗauka, kuma ba ka toshe ɓarakar da ba ka gani ba.

Murya iska ce da huhu ya turo ta bi tsakanin tantanin maƙwallato guda biyu, kowanne tsawonsa bai kai santimita 3 ba. A babban namiji suna karkarwa kusan sau 120 a daƙiƙa, a mace kusan sau 200 ko fiye. Wannan ɗanyen sauti ne. Maƙoshi da kogon baki da kogon hanci da harshe da leɓɓa da muƙamuƙi su ke ba shi kamanni. Yawancin abin da za ka iya aro daga muryar wani ba tare da ka ji wa kanka ciwo ba yana sama da maƙwallato. Sabon shiga kuwa maƙogwaro yake fara shaƙewa, kwana uku murya ta dishe.

Minti 20 a kullum, kafin ka taɓa muryar kowa. Minti 5 na farko a kwance rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa, siririn littafi ƙarƙashin kai, hannu ɗaya a kan cibiya ɗaya a gefen haƙarƙari. Fitar da iska ka jira, jiki zai jawo wata da kansa. Ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗu kada su ɗaga. Daga nan ka riƙa sakin iskar da sautin "sss" ba yankewa. Da farko daƙiƙa 15 zuwa 20 ta isa, a hankali a kai 30. Minti 4 na gaba na muƙamuƙi da harshe ne: murza naman da ke gaban kunne da yatsu har baki ya saki da kansa, sa kan harshe bayan haƙoran ƙasa ka turo tsakiyarsa waje sau 8, sannan ka yi hamma sau uku don hanɗa ta ɗaga.

Sai minti 5 na bututu, wanda bai kamata a tsallake ba ko da lokaci ya ƙure. Sami siririn bututun roba irin na zuƙar ruwa, tsoma bakinsa santimita 2 zuwa 3 a kofin ruwa, ka riƙa hura sauti "uuu" ta ciki, daga ƙasa ka hau sama ka sauko. Iskar da ta rasa hanyar fita da sauri tana komowa ta tallafi tantanin maƙwallato, sai su karkaɗa ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. Masanin murya Ingo Titze ya yi bincike mai yawa a kan wannan dabara. Idan babu bututu, kaɗa leɓɓa da "brrr" yana yin kusan aiki ɗaya. Minti 3 ka yi "mmm" kana kai karkarwar ƙirji, leɓɓa, hanci, goshi, kana dafa kowane wuri da hannu. Minti 3 na ƙarshe na baƙaƙe ne: ba-ɓa, da-ɗa, ka-ƙa, sa-tsa, a hankali sannan da sauri.

Ruwan da ka sha ba ya bi ta kan tantanin maƙwallato, sai ya zaga jiki tukuna, don haka tun da safe ake sha, ba a bakin dandamali ba. Idan murya ta gaji, raɗa tana ƙara gajiyar da ita, yawan gyaran murya ma haka. Dishewar da ta wuce mako uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Mataki na biyu: zaɓen mutum da neman yardarsa

A gwajin farko kada ka ɗauki sananne, domin kunnenka ya riga ya cika da masu kwaikwayonsa, su za ka kwaikwaya. Kada kuma ka ɗauki ɗan gidanku, ka riga ka yanke hukunci a kansa. Nemi wanda ya bambanta da kai ta fuska ɗaya ko biyu, kamar shekaru ko saurin magana.

Faɗa masa gaskiyar abin da za a yi, da kalmomin da ba su da harshen damo: "Baba, zan naɗi maganarku, daga baya zan tsaya gaban jama'a in faɗe ta da irin muryarku." Mutane da yawa sun saba da hira, amma ba su taɓa tunanin wani zai sa muryarsu kamar riga ba. A rubuta yarjejeniya, a kuma naɗi amincewar a farkon hirar: za a ambaci suna ko a sauya, a ina za a nuna wasan, za a sa shi a intanet ko a'a, kuma har zuwa wace rana yake da damar janyewa. Yaro sai da izinin mai kula da shi. Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan ka ƙware, muryar da kanta za ta tona shi a wurin waɗanda suka san shi, don haka wanda maganarsa za ta iya jawo masa kora daga aiki ko barazana, a cire bayanan da ke nuna shi, ko a bar hirar gaba ɗaya.

Mataki na uku: hirar

Wayar hannu ta isa, amma a rufe layinta kada kira ya katse naɗin, kuma a ajiye na'ura ta biyu tana ɗauka. Makirufo ya kasance santimita 20 zuwa 30 daga bakinsa, a kan naɗaɗɗen ƙyalle, domin tebur tsirara yana kwaso duk wani motsin hannu. Ɗaki mai labule da kujerun laushi ya fi ɗakin da babu komai, inda sauti ke amsa-kuwwa. A kashe fanka da firji. Gwada daƙiƙa 30 ka saurara kafin a fara. Idan ya yarda da bidiyo, a kafa kyamara a gefe yadda za ta kama hannuwa da ƙafafu, a manta da ita. Idan ka ga ta sa shi ya sandare, a kashe, murya ta fi muhimmanci.

Ka ware minti 45 zuwa awa ɗaya. Minti 10 ko 15 na farko mutum yana magana da muryar tarbar baƙo, a gyare, a tsare. Ba kasafai ake samun abin aiki a nan ba.

Tambayar ra'ayi tana jawo maganar da mutum ya ji a rediyo. Idan ka ce "Me kuke gani game da ambaliyar?" zai ba ka jawabi. Ka ce "Baba, a ina kuke tsaye lokacin da ruwan ya shigo? Me kuka fara ɗauka?" Yanzu dole ya koma wurin, ya duba, ya nemo kalma, kuma a cikin neman ne harshensa na kansa ke fitowa. Smith ta ba da labarin cewa wata masaniyar harshe ta ba ta tambayoyi uku da ke karya tsararriyar magana: ko ka taɓa kusantar mutuwa, ko ka san yanayin da aka haife ka, ko an taɓa zarginka da abin da ba ka yi ba. Tambayoyi ne masu nauyi, ba a jefa su a farkon zama, kuma idan mutum ya ce ba zai shiga nan ba, an rufe maganar.

Abin da ya fi wuya shi ne kame baki. Idan ya yi shiru, ƙirga bakwai a zuci kafin ka ce uffan. Sau da yawa maganar da ka zo nema tana bayan wannan shirun. Kada ka ƙarasa masa jimla. Kada ka riƙa "eh, eh, haka ne" a kan muryarsa, gyaɗa kai ya wadatar, in ba haka ba za ka shafe mako biyu kana sauraron kanka. Idan an gama, ka ce masa rikoda tana nan a kunne, ka bar ta har ku yi sallama, domin mutane kan saki jiki da zarar sun ji an kammala.

Kafin awa ɗaya ta wuce, zauna ka cika shafi guda da abin da idonka ya gani. A bakin kujera ya zauna ko ya jingina? Ina hannuwansa suke komawa idan sun huta? Ina yake kallo idan yana tuno abu? Me yake juyawa a hannu? A kan wace kalma ya gyara zama? Gobe rabin wannan ya gudu.

Mataki na huɗu: rubuta numfashi, ba kalmomi kaɗai ba

Zaɓi guntu na daƙiƙa 90 zuwa minti 2. Nemi inda tafiyar maganar ta sauya, inda mai sauri ya lafa, ko mai tsari ya fara tuntuɓe. Kada ka dogara da manhajar da ke mayar da murya rubutu, domin aikinta share "to" da "wato" da maimaici, su kuwa su ne dukiyarka. Da hannu za ka rubuta, kuma minti ɗaya na magana zai iya cin rabin awa.

Ƙa'idar ita ce kowane numfashi layinsa daban. Ba ruwanka da aya da waƙafi na makaranta. Sanda a karkace na nufin ɗan tsaiko, lamba a baka na nufin daƙiƙoƙin shiru da ka auna da agogo, jan layi na nufin an yanke kalma. Tari, tsaki, dariya, ajiyar zuciya, haɗiyar yawu, duk a rubuta su a inda suka faɗo. Ga misali da aka tsara don nuna yadda shafin zai kasance:

to ni dai /
ina tsaye nan bakin— a'a
ba bakin ƙofa ba (2)
ina ciki
ina ciki ne na ji / na ji ƙarar
wato kamar (4)
(tsaki)
shi ke nan dai / sai muka fita

Mai gyaran rubutu zai mayar da wannan "Ina cikin ɗaki na ji ƙara, sai muka fita." Labarin yana nan, mutumin ya ɓace. Dubi abin da ke cikin layukan. Ya gyara inda yake tsaye, alamar yana kallon wurin a ransa kuma yana son ya faɗi daidai. Ya maimaita "ina ciki" don ya sami ƙasa ya taka. Ya ɗauko kwatance da "kamar", ya nema na daƙiƙa 4, bai samu ba, ya yi tsaki, ya rufe ƙofar da "shi ke nan dai". Wannan daƙiƙa 4 ita ce zuciyar guntun. Ɗan wasan da ya rage ta zuwa ɗaya ya zubar da ita. Wanda ya cika ta da hawaye kuma ya faɗi abin da mai maganar ya ƙi faɗa.

Mataki na biyar: shigar da muryar jiki

Ba wa guntun mako biyu, zama biyu a rana, kowanne minti 30 zuwa 40. Kunne yana gajiya, abin da ya wuce haka ɓata lokaci ne.

Kwana biyun farko saurare kawai, aƙalla sau 20, baki a rufe. Kowane zagaye da tambaya ɗaya: yanzu numfashi nake bi, yanzu hawa da sauka, yanzu inda yake dannawa. Mai gaggawar buɗe baki yana kama hoton farko da ya zo masa, daga nan kuma kansa zai riƙa ji, ba mutumin ba.

Rana ta uku ka numfasa tare da shi, ba kalma. Ka ja inda ya ja, gwargwadon yadda ya ja, ta baki ko ta hanci, ka riƙe inda ya riƙe. Idan jiri ya ɗebe ka, tsaya ka huta. A nan ne za ka ga abin mamakin aikin. Mutumin da ke jan gajeren numfashi a saman ƙirji, idan ka bi shi na minti biyu, za ka ji ƙirjinka ya ɗaure, hankalinka ya ɗan tashi, alhali ba ka nemo wani baƙin ciki daga rayuwarka ba. Shi ya sa ba a farawa da tambayar me yake ji. Jikinka zai gaya maka.

Rana ta huɗu ka bi waƙar maganar da "mmm", kana buga tafiyarta da yatsa a cinya. A harshe mai karin sauti kamar Hausa akwai hattara: kowace kalma da nata karin, shi ya raba kuka na hawaye da kuka ta itace, kuma wannan ba ya taɓuwa. Abin da ke na mutumin shi ne faɗin tazarar da ke tsakanin samansa da ƙasansa, da yadda muryar ke gangarowa kafin jimla ta ƙare, da irin wasalin da yake ja.

Daga rana ta biyar zuwa ta bakwai sai bin sawu. Iyafis, wato abin sauraro na sawa a kunne, a kunne ɗaya, ɗayan a buɗe don ka ji kanka. Ka riƙa magana kusan rabin daƙiƙa a bayansa, layi ɗaya sau 10 kafin ka ƙara na gaba. Inda ya yi sauri, manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana rage gudun magana ba tare da ta sauya kaurin murya ba. Sauke zuwa kashi 80 cikin 100, amma ka koma cikakken gudu a ranar, in ba haka ba bakinka zai haddace jan magana.

A wannan kwanakin ne ake neman mazaunin muryar. Tambayoyi biyar: a ina take amo, ƙirji ko baki ko hanci? Muƙamuƙi yana buɗewa sosai ko ta tsakanin haƙora yake magana? Harshe yana gaba ko ya ja baya? Leɓɓa a baje suke ko a tsuke? Iska tana zuba tare da sautin ko a matse yake? Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka naɗa, ka saurara. Sau da yawa gyara ɗaya, kamar hana leɓen sama motsi, yana jawo sauran su zauna da kansu.

Kada ka bi kaurin muryarsa ko sirantarta ido rufe. Namijin da zai ɗauki mace ba ya buƙatar maƙale murya, macen da za ta ɗauki namiji ba ta buƙatar danne maƙogwaro. Ka tsaya cikin iyakar muryarka, ka matsa kaɗan zuwa wajensa, ka kiyaye tazarar hawa da sauka. Mai sauraro tafiyar magana yake ganewa kafin kauri. Muryar tsoho mai kaushi ko ta mai shan taba ba a yin ta da kankare maƙogwaro. Gajarta layuka, ƙara iska kaɗan, rage ƙarfi, sai kunne ya cika sauran. Duk abin da ya sa ka ji zafi ko ƙaiƙayi ko tari, kuskure ne, a sake hanya.

Karin harshe shi ne na ƙarshe, ko da yake shi kowa ke son farawa da shi. Ware sautuka 3 zuwa 5 da yake furtawa ba kamar kai ba, ka ja layi ƙarƙashin duk kalmar da suke ciki. Yi yadda shi ya yi a wannan naɗin, ba yadda ake cewa mutanen yankinsu suna yi ba. Mutum ɗaya yakan furta kalma ɗaya iri biyu a cikin minti guda, kuma wannan rashin daidaiton ma nasa ne.

Rana ta takwas ka cire iyafis, ka naɗi kanka, ka jera naɗin biyu a manhaja ɗaya bisa ɗaya. Hoton sautin zai nuna maka inda shirunku ya saɓa. A guntun minti 2, bambancin kada ya wuce daƙiƙa 3 ko 4. Kusan kullum ɗan wasa ne ke riga gamawa, domin shiru a gaban mutane yana da nauyi, daƙiƙa 4 sai ta zama kamar minti. Sauran kwanakin na gyaran waɗannan wurare ne da haɗawa da jiki.

Mataki na shida: jiki

Fara daga ƙasa. Yadda ƙafafu suka taka da inda nauyi ya sauka a kujera su ke tsara ƙashin baya, shi kuma ya tsara numfashi. Sau da yawa muryar da ta ƙi zama tana zama da zarar ka zauna yadda ya zauna. Ma'aunai huɗu na masanin rawa da motsin jiki Rudolf Laban suna taimakawa wajen sa wa motsi suna: mai nauyi ne ko sakayau, na farat ɗaya ne ko mai jan lokaci, kai-tsaye yake tafiya ko yana kewaye, a sake yake ko a ɗaure.

Motsin hannu uku sun isa guntun minti 2. Ɗaura kowanne a kan kalmarsa. A maganar gaskiya hannu yana riga kalma ko su sauka tare, idan ya biyo bayanta nan take ake gane na haddacewa ne. Ka tuna kuma da wani yake magana, wato kai mai tambaya. Zaɓi wuri ɗaya a cikin 'yan kallo ka ajiye mai tambayar a can, a daidai tsayin da ka zauna, ka san lokacin da ya dube ka da lokacin da ya kau da kai.

Kayan sawa abu ɗaya ya wadatar, tabarau ko hula ko abin da yake riƙewa. Ba a shafa wa fata launi don a yi kama da wani jinsi. In'ina ko rawar hannu ko ɗingishi, idan akwai, a yi su daidai gwargwadon da suke, a inda suka faru, ko ƙasa da haka kaɗan.

Iyafis a dandamali, ko hadda?

Hanya biyu ce. Marubuciyar wasan kwaikwayo Alecky Blythe a Landan, wadda ta kafa ƙungiyar Recorded Delivery a 2003, ta yi suna da sa 'yan wasa su hau dandamali da iyafis, naɗin yana shiga kunnensu suna maimaitawa nan take, ba tare da sun haddace ba. Amfaninta shi ne ɗan wasa ba shi da sarari ya ƙawata komai. Wahalarta ido yakan mutu saboda hankali yana kunne, kuma idan na'ura ta tsaya wasa ya tsaya. Mai bin wannan hanya ya yi amfani da iyafis mai waya ko ya tanadi na biyu, ya sa ɗan sauti a naɗin daƙiƙa 2 kafin magana ta fara don ya san lokacin jan numfashi. Hadda tana ba ka 'yancin ido da jiki, amma tana zamewa. Ga mai koyo, ya fi kyau ya yi atisaye da iyafis har guntun ya zauna, ya nuna shi da ka, ya kuma koma ga naɗin asali kafin kowane wasa.

Wannan komawar ba ta da makwafi. Bayan wasa biyar ko shida, wurin da 'yan kallo suka yi dariya yana fara kumbura, tsakin ya ƙara tsawo, shirun ya koma jiran tafi. Ba da niyya ake yi ba, kuma ɗan wasa ba ya jin faruwarsa. Darakta ya riƙa naɗar wasan lokaci-lokaci yana gwadawa da na asali.

Haɗari mafi girma yana wurin mutumin da ba ka yarda da ra'ayinsa ba. Ɗan ɗaga gira ko ƙarin kauri a kalma ɗaya ya isa ya gaya wa jama'a "ku ji wannan". Da ka yi haka ka daina nuna shi, ra'ayinka kake nunawa. A wasan The Laramie Project na shekarar 2000, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tectonic ta gina daga hira sama da 200 bayan kisan ɗalibi Matthew Shepard a 1998, 'yan wasa takwas ne ke ɗaukar mutum sama da 60, masu ra'ayoyi da suka yi hannun riga. Irin wannan wasa ba ya tsayuwa sai kowane mai magana ya sami cikakken numfashinsa. Haka wajen yanka: an yarda a rage, ba a yarda a ɗauko rabin jimla daga minti na 5 a liƙa da rabi daga minti na 40 har ma'ana ta juya ba. A yanka a kan numfashi. Idan amsar ba ta fahimtuwa sai da tambayar, a bar tambayar a ciki.

Idan mutane da yawa za ka ɗauka a jere, kowanne ka san numfashinsa na farko da zamansa na farko, su ne mabuɗinsa. Tsakanin biyu ka fitar da iska gaba ɗaya, ka saki muƙamuƙi, ka tsaya a naka jikin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka ja numfashin na gaba. Wanda ya tsallake wannan, mutum na uku zai fito da leɓɓan na biyu. Bayan wasa, musamman mai labari mai nauyi, minti 5 na bututu da ɗan tattaki da magana da muryarka ta yau da kullum suna sauke maƙogwaro da zuciya.

Kafin jama'a su gani, gayyaci mai maganar ya gani shi da wani nasa, ba a cikin taro ba. Kada ka firgita idan ya ce shi ba haka yake magana ba. Kowa yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa, inda take fin kauri, kuma ba wanda ke ƙirga "wato" nawa yake faɗa. A kan kamanni, fuskar ɗan rakiyarsa za ka duba. Amma idan ya ce akwai maganar da ba ya son ta fita, ko ya ji an mai da shi abin dariya, wannan hukuncinsa ne. A cire layin ko a sake aikin wurin, a nuna masa gyaran, sannan a adana naɗin asali ko a goge shi kamar yadda aka rubuta a yarjejeniya.